Yadda ake gina tashar tura ruwan najasa

Toh jama'a, ruwa dai ba ya hawa tudu, wannan ko yaro mai wasa a bakin kwata ya sani. Duk garin da ke da bututun najasa a ƙarƙashin ƙasa, irin wanda ke kwashe ruwan banɗaki da na wanka da na kicin daga gidaje ya kai matata, galibi da gangara yake aiki. Ana kwantar da bututun ne a ɗan karkace yadda ruwan zai riƙa gudu da kansa, kuma gudun nan sai ya kai kamar mita 0.6 a daƙiƙa ɗaya, in ya gaza haka yashi da kashi su kwanta su toshe hanya. To ga inda gizo ke saƙar. A ce duk mita 200 bututun na nutsewa mita 1, kaga a kilomita ɗaya ya nutse mita 5 kenan, a kilomita biyu mita 10, in gari shimfiɗaɗɗe ne ba gangara sai ka wayi gari kana tona rami mai zurfin bene hawa uku don kawai ka binne fayif. Ba mai wannan kuɗin. Shine ake tsayawa a wani wuri a tara ruwan a rijiya, a sa inji ya ɗaga shi sama, ya sake kama gangara daga farko. Wannan wurin shine tashar da muke magana.

Mu nan galibi shadda da sokawe muka saba da su, in ta cika a kira motar kwasa, sai irin su tsakiyar Abuja da ke da bututun da ke kai ruwan matatar Wupa. Amma abin ya daɗe a duniya. A 1858 kogin Thames na Landan ya yi warin da ya hana 'yan majalisa sakat, daga nan ne injiniya Joseph Bazalgette ya gina musu manyan magudanai, aka buɗe tashar Crossness a 1865, ta Abbey Mills a 1868, da injinan tururi ake ɗaga ruwan a lokacin.

Kafin katafila ta taɓa ƙasa lissafi ake fara yi, gida nawa ne zasu zubo ruwa, nawa ke shigowa da asuba lokacin da kowa ke wanka, nawa ke ƙaruwa da damina in ruwan sama ya sami kafa ya kutsa bututu. Daga nan ake sanin girman rijiyar, kuma nan akwai tsaka mai wuya: in ta yi ƙarama injin zai yi ta tashi yana mutuwa har kwayil ɗinsa ya ƙone, in ta yi girma da yawa ruwan ya daɗe a kwance ya ruɓe ya fara fitar da iska mai guba. Sai kuma a huda ƙasa kamar za a yi burtsatse, a ciro samfuri a ga yumɓu ne ko rairayi ko dutse, a ga kuma a wane zurfi ruwan ƙasa yake.

Wannan ruwan ƙasan shine babban ciwon kan aikin gaba ɗaya, wallahi ya fi zancen injin wahala nesa ba kusa ba. Ka tuna tashar a kwari ake gina ta, inda duk bututun unguwa ke gangarowa, kuma kwari nan ruwa yake kusa. Kana tonawa yana ɓuɓɓugowa, gefen ramin na zabtarewa. Wani lokaci sai a kakkafa dogayen falankan ƙarfe masu shiga juna a kewaye wurin kamar katanga, a tokare su daga ciki, a sa injina suna zuƙe ruwa dare da rana har a gama. Wata hanyar kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kan masu haƙa rijiyar kwalbati ya santa: a ɗora zoben kankare a ƙasa, na farkon bakinsa da kaifi, a riƙa kwashe ƙasar cikinsa yana nutsewa da nauyinsa, a ɗora wani a kai, a haka a haka har a kai zurfin da ake so. Bambancin kawai nan zoben na iya kai faɗin ɗaki ko ma fiye, kuma mai awo na tsaye a kai kullum, don in ya fara karkacewa tun daga sama aka ƙyale, miƙar da shi a ƙasa sai an sha wuya.

Yanzu ga abin da mutane ba sa yarda da shi sai an yi musu lissafi. Rijiyar kankare, da duk nauyinta, tana iya tasowa sama kamar yadda in ka danna bokiti wayam cikin randa zai turo hannunka. Duk mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi na ruwa tan 1 ne. Ɗauki rijiya mai faɗin mita 3 da ta nutse mita 8 cikin ruwan ƙasa, ruwan da ta ture ya kai kusan tan 56, kuma da wannan ƙarfin yake tunkuɗo ta daga ƙasa duk lokacin da cikinta ba komai. In nauyinta bai fi haka ba, wata damina sai a tarar ta ɗago ta tsinke bututun da ke jikinta. Shi yasa ake zuba mata gindi mai kauri sosai, a kuma fito da shi waje kamar bakin faranti yadda ƙasar da za a mayar zata danne shi. Kuma ba a kashe injinan zuƙe ruwa sai an tabbatar nauyin ya cika, ko da ɗan kwangila na kukan kuɗin dizal.

Zubin kansa kamar na kowane gini ne, a fara shimfiɗa siririn kankare don a sami wuri mai tsafta, masu ɗaurin rodi su shiga, kafintoci su buga katako, a zuba a girgiza da baibireta. Abin lura shine mahaɗa, inda zubin jiya ya haɗu da na yau, nan ruwa ke bi, don haka ake binne wata ɗamarar roba a tsakani. Ƙasan rijiyar kuma ba a barin shi a baje, ana yi masa gangara ta ko'ina zuwa bakin injin kamar mazurari, don kar laka ta sami lungun kwanciya. In an gama a cika ta da ruwa mai kyau a sa alama a bari kwanaki, in ya sauka fiye da ƙa'ida akwai yoyo, a nemo.

Sai a shafe cikinta da wani fenti mai kauri ko a manna mata rigar roba. Dalili, najasar da ta kwana tana fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta taru a bangon da ke sama da ruwa, ƙwayoyin cuta su mayar da ita asid, asid ya ci siminti har ka iya kankaro shi da hannu kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Ita wannan iskar dai tana kisa. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi shi yasa take kwanciya a ƙasan rami, kuma in ta yi yawa hanci ya daina jin warinta, mutum ya ɗauka ta tafi. Sau da yawa wanda ya shiga ceto shima can yake zama. Ba a shiga sai an auna iskar da na'ura, an hura sabuwa, an ɗaura wa mutum igiya da wasu a sama. Ashana ko sigari kuwa ko kusa, don akwai gas mai kamawa.

Injin ɗin ɗan uwan sumo ne na burtsatse, cikin ruwan yake zama, kamfanin Flygt na Suwidin ne ya fito da irinsa na najasa a 1956. Amma shi farfelarsa a buɗe take, abu mai girman lemon zaƙi zai wuce. Dabarar da ta fi burge ni ita ce yadda ake saka shi: akwai gwiwar bututun ƙarfe da ruwan ke bi ya fita, an ɗaure ta a ƙasan rijiya, da sanduna biyu da suka miƙe har sama, sai a zura injin da sarƙa ya bi sandunan ya je ya zauna daram a bakin gwiwar, nauyinsa ne ke matse mahaɗar, ba noti ko ɗaya. Ranar gyara a jawo shi sama, ba wanda ya sauka. Kuma aƙalla biyu ake sakawa, ɗaya na aiki ɗaya na jira, suna karɓa-karɓa.

Masu ba su umarni wasu ƙwallayen roba ne da ke rataye a tsayi daban-daban, ruwa ya ɗaga na farko inji ya tashi, ya kai na biyu ɗan uwansa ya taya shi, ya kai na sama ƙararrawa ta kama ihu. A gefe akwai ƙaramin ɗaki na bawul-bawul, ciki har da mai hana ruwa komowa baya in inji ya tsaya, daga nan bututun matsi ya ɗauka ya haura da shi zuwa tudu. Sai janareta mai tashi da kansa, don ruwan banɗaki ba ya jiran a kawo wuta.

Ranar gwaji da ruwa mai kyau ake yi, a kunna wannan a kashe wancan, a yanke wuta da gangan a ga ko janareta zai ɗauka. In komai ya yi sai a cire toshiyar da ke bakin bututun shigowa. Daga ranar, aikin farko na ma'aikaci kullum da safe shine ya ɗauki manjagara ya je ragar ƙarfen da ke tare shara, ya kwashe leda da tsumma da famfas da gashin kitso da suka taru cikin dare.