Darasin Asabar: Lissafin kashi 15, da yadda ƴan gida ɗaya ke cinye wa juna wakilai

Malam: Assalamu alaikum, jama'a barkanmu da war haka. Daga nan Yamai muke zuwa muku da darasin ƴan jarida masu tasowa. Ƴata, ɗan karkata fankar nan, iska na shiga makirufo. Yawwa, madalla.

To, kowa ya ɗauko kaye da bik, ya buɗe na'urar lissafi ta cikin wayarsa. Yau ba labari za mu rubuta ba, lissafi za mu yi. Abin da ya sa kuwa, duk lokacin da zaɓen fidda gwani ya matso a wata ƙasa, sai ku yi ta aiko mini da rubutu kuna cewa "rabuwar kai ta kayar da su". Na gaji da ganin wannan jimla. Kafin ka rubuta ta, sai ka iya nuna mini a takarda wakilai nawa rabuwar ta ci. In ba ka iya ba, to hirar bakin shayi ka yi, ba rahoto ba.

Misalin da za mu yi aiki da shi shi ne na fidda ɗan takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Democrat ta Amurka a 2020, saboda alƙalumansa a fili suke. Ba zan tsaya bayanin mene ne zaɓen fidda gwani ba, mun wuce nan. Kun san jiha-jiha ake yi, kuma ba yawan ƙuri'a ake tarawa ba, wakilai ake tarawa waɗanda za su je babban taron jam'iyya. A waccan shekara wakilan da ake samu ta hanyar ƙuri'a 3,979 ne, wanda ya kai 1,991 ya gama.

Tsaya, kafin in manta. Wannan waƙafin da ke cikin 3,979 ku yi hankali da shi. Mu da muka yi lakkol, wirgil muke sawa in za mu rubuta uku da rabi, wato 3,5. Su kuwa Amurkawa ɗigo suke sawa, waƙafi na raba dubbai ne. Akwai wani yaro da na taɓa koyarwa, yana kan iska ya karanta "wakilai uku wirgil tara". Har gobe abokansa da shi suke kiransa. Ni a allon nan ɗigo zan riƙa sawa kamar yadda za ku gani a shafukansu na intanet.

Su waye ƴan gida ɗayan? Bernie Sanders, sanata daga Vermont, da Elizabeth Warren, sanata daga Massachusetts. Su biyun ne manyan masu ra'ayin sauyi a takarar. Dukansu suna son gwamnati ta ɗauki nauyin inshorar lafiyar kowa, dukansu suna son a ɗora wa manyan attajirai haraji a kan dukiyarsu. Amma shi yana kiran kansa ɗan gurguzu mai bin dimokuraɗiyya, ita kuma ta ce ita ƴar jari-hujja ce, gyara kasuwa take son yi, ba rusa ta ba. Kuma a Nuwamba 2019 ta fito da tsarin da ya ce inshorar nan a hankali za a shige ta, mataki-mataki, sai magoya bayansa suka ce ta fara ja da baya. Hatta matan nan huɗu na majalisar wakilai da ake yawan ambata tare, ba su tsaya wuri ɗaya ba: Alexandria Ocasio-Cortez da Ilhan Omar da Rashida Tlaib suka bi Sanders, Ayanna Pressley ta bi Warren.

Abin ya fito fili a Janairu 2020. Tashar CNN ta ba da labarin cewa a wata ganawa da suka yi su biyu a 2018, Sanders ya ce mata mace ba za ta iya cin zaɓen ba. Ita ta ce haka aka yi, shi ya ce bai faɗa ba. Ranar 14 ga wata aka yi muhawara a Des Moines, da aka tashi ya miƙa mata hannu ba ta karɓa ba, aka kuma ji ta daga baya a faifan sauti tana ce masa ya ƙaryata ta a gaban duniya. A Twitter kuwa wasu suka yi ta cika shafinta da hoton maciji. Wannan shi ne abin da kowa ya fi so ya rubuta, don da daɗin karatu. Ni dai ban hana ku ba, amma sakin layi ɗaya ya ishe shi.

Yanzu ga inda aikin yake. Dokar jam'iyyar ta ce wakilai ana raba su ne daidai da kason ƙuri'a, amma sai wanda ya kai kashi 15 cikin ɗari. Wanda ya samu 14.9, ko wakili ɗaya ba shi da shi a wannan rabon. Kuma ba sau ɗaya ake wannan awon ba. Ana yin sa a faɗin jiha, ana kuma sake yin sa a kowace gunduma daban. Ku ja layi ƙarƙashin wannan. A kowace gunduma daban.

Mu ƙirƙiri gunduma, ta wasa ce, ba ta gaske ba. Wakilai 10. Ɗan takara na farko, mai matsakaicin ra'ayi, ya samu kashi 40. Na biyu, mai ra'ayin sauyi, 30. Ta uku, ita ma mai ra'ayin sauyi, 14. Sauran biyu, 10 da 6. Ƴata, wa ya tsallake?

Ɗaliba: Na farko da na biyu kawai, Malam.

Malam: To wakilai nawa na farko zai samu?

Ɗaliba: Huɗu, tunda kashi 40 ne da shi.

Malam: Kin faɗa ramin da na faɗa! Wallahi nan ne ya wahalar da ni. In kin ba shi 4, kin ba na biyu 3, ina sauran ukun za su? Aljanu za a ba? A'a. Da zarar kin zubar da waɗanda ba su kai 15 ba, ƙuri'unsu kamar ba a jefa su ba ne. Ɗarin da kike lissafi da shi ya mutu. Sabon jimillarki shi ne 40 a haɗa da 30, wato 70. Da 70 za ki raba, ba da 100 ba. Bari in sake faɗa, don na san wani yana can yana hura wutar shayi bai ji ba: da 70 za ka raba.

Ku danna. 40 a raba da 70, a ninka da 10. Me ya fito? 5.71. Na biyu, 30 a raba da 70, a ninka da 10, ya ba da 4.29. Ba a yanka mutum gida biyu, saboda haka kowa ya fara ɗaukar cikakkun lambobinsa: 5 da 4, tara ke nan. Saura ɗaya. Wanda ɓurɓushinsa na bayan ɗigo ya fi girma shi ke ɗauka. 71 ya fi 29. An tashi 6 da 4. Kun ga mutumin da ya samu kashi 40 ya kwashe kashi 60 na wakilai, kuma ƙuri'un ƴar'uwar abokin hamayyarsa na cikin abin da ya ƙara masa ƙiba.

Ni a 2020, daren da aka yi babban zaɓen nan na Talata 3 ga Maris, wanda jihohi 14 suka yi a rana ɗaya, ina wata tasha a nan garin, da 100 na yi ta rabawa har asuba. Wuta ta ɗauke, ina haska takarda da waya, lissafi ya ƙi cika, na zaci su ne suka yi kuskure. Da safe na shiga na karanta alƙaluma na banza. Wani dattijo, malamin lissafi ne mai ritaya, ya kira waya ya ce, "Ɗana, wakilanka sun ɓata a hanya." Ban manta da muryarsa ba.

To yanzu mu haɗa kan ƴan gidan. A ce ta ukun ta janye, duk mutanenta sun koma wa na biyu. Ya zama 44 ke nan, na farko na nan da 40. Jimilla 84. Kun ga yanzu lamarin zai juya ya zama 6 da 4 a wancan ɓangaren... a'a, tsaya, kada in yi muku ƙarya, bari in danna. 44 a raba da 84, sau 10, 5.24. Ɗayan kuma 4.76. Cikakku 5 da 4, saura ɗaya, 76 ya fi 24. Af! Kunnen doki, 5 da 5. Kun ga amfanin dannawa. Goge wancan, ƴata.

Ai gara da na yi wannan kuskuren, don ya kawo mu kan abin da nake so. Gundumar da yawan wakilanta ke rabuwa biyu daidai, kamar 4 ko 6 ko 10, sau da yawa kunnen doki ake tashi ko da wani ya ɗan fi. Ku sake lissafin da wakilai 7. A rabe: 4 da 3, mai matsakaicin ra'ayi a gaba. A haɗe: 3.67 da 3.33, wato 4 da 3, mai ra'ayin sauyi a gaba. Shi ya sa ni in na buɗe jerin gundumomi, masu 3 da 5 da 7 nake fara yi wa alama da jan bik. Gajeriyar hanya ce, tana rage mini rabin aiki. Wasu suna zuba komai a Excel, ba laifi, amma ni na fi yarda da kaye, batirinsa ba ya ƙarewa.

Af, tunda na ambaci kaye, ƴar takardar atisayen nan da na haɗa, mai gundumomi 20, tana nan, jika ɗaya ce kawai. Waɗanda ke Tawa da Maraɗi ku turo saƙo, ana sa muku a mota. Masu cewa in turo hoto ta WhatsApp kyauta, Allah ya shirye ku, tawada ba da ruwan kogi nake saye ba.

Mu koma ga na gaske. Sanders ya ci New Hampshire, ya ci Nevada, a Iowa ma shi ya fi yawan ƙuri'a. Ranar 29 ga Fabrairu Joe Biden ya yi babbar nasara a Karolina ta Kudu. Kashegari Pete Buttigieg ya janye, ranar 2 ga Maris Amy Klobuchar ta janye, su biyun suka mara wa Biden baya a ranar. Ranar 3 ga Maris aka yi zaɓe a jihohi 14. Wato masu matsakaicin ra'ayi sun tattara kayansu cikin kwana biyu, masu ra'ayin sauyi kuwa sun shiga da ƴan takara biyu. Biden ya ci jihohi 10, Sanders 4, ciki har da Kaliforniya mai wakilai 415. A Massachusetts, gidan Warren, Biden ne ya zo na ɗaya da kusan kashi 33, Sanders kusan 27, ita ta uku da 21 da ɗoriya. A Teksas, mai wakilai 228, Biden kusan 35, Sanders kusan 30, Warren 11 da ɗoriya, ba ta kai 15 ba a faɗin jiha.

Ɗaliba: To ai shi ke nan Malam, 30 da 11 sun fi 35. Da ta janye da ya ci.

Malam: Haka magoya bayansa suka yi ta faɗa, kuma da zafi. Amma duba allon da kyau, akwai wanda ban rubuta ba. Michael Bloomberg, attajirin nan tsohon magajin garin New York, yana cikin takarar a ranar, ya samu 14 da ɗoriya a Teksas, kuma daga kwanon Biden yake ci. In za ki haɗa na masu ra'ayin sauyi, adalci shi ne ki haɗa na ɗaya ɓangaren ma. Na biyu, masu zaɓe ba buhunan gero ba ne da za ki ɗauke daga wannan rumbu ki zuba a wancan. Da yawa daga masu bin Warren ba Sanders ne zaɓinsu na biyu ba. Ta janye ranar 5 ga Maris ba ta ce a bi shi ba, filin masu ra'ayin sauyi ya zama nasa shi kaɗai, amma ranar 10 ga wata ya faɗi a Michigan, jihar da ya ci a 2016. Shi ma ya janye ranar 8 ga Afrilu, ya mara wa Biden baya ranar 13, ita kuma ranar 15. Daga baya ɓangarorin biyu suka kafa kwamitocin haɗin gwiwa don daidaita manufofi.

Don haka a kayenku ginshiƙi uku nake so. Ɗaya, yadda aka yi. Biyu, in duk ƙuri'unta sun koma masa. Uku, in rabi ne kawai suka koma, rabi suka tafi wajen abokin hamayya. A gundumarmu ta wasa, na ukun zai ba ku 47 da 37, ku ƙarasa da kanku. In sakamakon ya juya a ginshiƙi na uku, to rubuta cewa rabuwar kai ta kayar da su, ni zan sa hannu. In a na biyu kawai ya juya, ka ce ta rage musu wakilai, ka tsaya nan.

Masu sauraron RFI za su tuna Faransa a 2017: Mélenchon 19 da rabi, Hamon 6 da ɗoriya, su biyun masu ra'ayin sauyi ne, Marine Le Pen ta wuce zagaye na biyu da 21 da ɗoriya. Tambayar ɗaya ce, dokar ce daban. Iyayenmu kuma za su ce a nan gida a 1993 Tandja Mamadou ne kan gaba a zagayen farko, ƙawancen jam'iyyun da ke hamayya da shi, wato AFC, ya haɗu bayan Mahamane Ousmane ya ci a na biyu. Gaskiya ne, amma tsarin zagaye biyu yana ba ka damar yin rigima da safe ka shirya da yamma. A wancan tsarin na kashi 15, ƙuri'ar da ta faɗi ƙasa ta faɗi ke nan, don haka kada ku ɗauko ma'aunin can ku auna nan.

Manyan wakilan nan na jam'iyya da ba zaɓensu ake yi ba, sai mako mai zuwa, tun 2018 ma aka rage musu ƙarfi a zagayen farko na babban taro. Ga mai injin sauti can yana nuna mini agogo. Aikin gida: gunduma mai wakilai 5, kaso 38, 31, 16, 15. Ku lura da na ƙarshen, 15 cif ne, ya shiga. Ku turo kafin Laraba. Ƴata, kashe fankar.