Wankin cikin pon kafin a ɗaura sabbin kaya

Laccar da aka yi wa yaran garaji a Maraɗi, an rubuto ta daga faifan da aka ɗauka.

Assalamu alaikum. Iyayenmu masu garaji, barkanku da zuwa. Ku kuma yara ku matso kusa, maganar taku ce.

Idan babbar mota ta shigo pon ɗinta na baya, wato gidan giyar da ke raba juyi zuwa ƙafafun baya, yana kuka, kuka kwance kuka tarar haƙoran giya sun karye ko rulma, wato boris ɗin da ƙarfe ke juyawa a kansa, ta watse, ku tambayi kanku: ƙarfen da ya gutsure, ina ya tafi? Yana nan cikin gidan. Wani ya kwanta a ƙasa tare da mai, wani mai ya kwashe shi ya kai can cikin hannuwa biyu masu zuwa ƙafafu, inda ido ba ya kaiwa.

Ni kaina na taɓa yin gaggawa. Mai mota yana tsaye a kaina, kayansa na jira a Ɗan Isa, na goge tsakiya kawai na ɗaure. Ba a yi sati biyu ba aka jawo motar daga hanyar Damagaram, sabuwar rulma ta zama kamar an bi ta da dutsen niƙa. Har yau abin yana ci mini rai.

To ga yadda nake yi yanzu. A zare sandunan ƙarfe biyu da ke cikin hannuwan, masu juya ƙafafu, gaba ɗaya. A ɗaura tsumma a kan doguwar sanda, a tsoma a gazwal, wato man dizal, a tura ta hannun daga bakin ƙafa zuwa tsakiya, a sake, a sake. Kar a taɓa fetur, wuta ce. Sannan a bi da maganaɗisu lungu-lungu, musamman gindin walda, zai fito da gari baƙi kamar kwalli. Amma ku sani, maganaɗisu ba ya kama tagulla, ba ya kama yashi, mu kuwa nan yashi har cikin tuwo. Shi ya sa bayan an busa da iska nake sa farin ƙyalle. In ya fito da ƙyalƙyali, a koma wanki.

Ƙaramar kafar da pon yake numfashi ta sama, a buɗe ta a wanke, in ta toshe mai zai tsiyayo ta bakin ƙafa.

Mai kuwa a zuba irin wanda kamfanin motar ya ce, galibi 80W-90 ko 85W-140. In ta ɗan yi tafiya a dawo da ita, a kwance murfin ƙasa, a duba abin da ya maƙale a jikinsa.