Ciyaman ko gwamna, wa ke biyan malamin firamare?

Nura: Assalamu alaikum jama'a, mun dawo. Yau maganar nan ce da ta hana guruf ɗinmu barci tun Juma'a, kuma Yaya Sani tun a mota yake ta kumfar baki.

Yaya Sani: Ai dole. Ka duba Abuja fa, Abuja! Watan Maris na 2025 malaman firamare suka ajiye alli, yara suna gida fiye da wata uku, sai Yuli aka koma. Kan me? Mafi ƙarancin albashin nan na dubu 70, ƙananan hukumomi shida, su AMAC ta cikin birni da Bwari da Kuje, an kasa biyan malamai, sai da ministan Abuja Wike ya sa baki. To in a gindin fadar shugaban ƙasa haka ta faru ina ga ƙauyenmu?

Hajjo: Amma Yaya ba kotun ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye ba?

Yaya Sani: Ta ce, 11 ga Yulin 2024, duka 774 ɗin, kuma ni ma na yi murna ranar. Sai dai ki tambayi malami ki ji, gabansa faɗuwa yake. Yanzu daga kason ƙaramar hukuma ake cire albashinsa kafin ciyaman ya gani, hukumar ilimin firamare ta jiha, SUBEB, ta biya. Tsofaffin malamai ba su manta 1991 ba, lokacin Babangida da aka damƙa firamare hannun ƙananan hukumomi, malami sai ya yi watanni ba ko sisi, mai gidan haya ma in ya ji kai malami ne sai ya ce ɗakin an kama. Shi ya sa ƙungiyar malamai ta NUT take cewa a ba ƙananan hukumomi 'yancinsu amma albashi a cire shi tun daga sama, kuma wallahi ina bayansu.

Hajjo: Ni abin da ke ƙona min rai ba albashin ba ne kaɗai. Na raka 'yar yayata makarantar unguwarmu, aji uku, da buhun siminti a jakarta, na ce na meye, ta ce na zama ne Anti. Allon ma sai an goga masa baƙin batir. A satin aka kafa rumfa ana rabon tallafin matasa, keken ɗinki biyar, hoto ya fi ɗari.

Nura: Baƙin batir! Ni ne mai goga namu.

Hajjo: Don kai ne monita, an sani.

Nura: Shekara uku a jere.

Yaya Sani: Azzalumin monita kuwa. Wanda bai ɗanɗana maka awara a tara ba sunansa na cikin masu surutu ko da ranar bai zo ba.

Nura: Ƙarya ne, gurasa ce. Awara daga baya ta shigo.

Hajjo: To cin hanci dai ko da gurasa ne. Ashe kai ma da an ba ka ciyaman...

Nura: Da kowane aji ya samu yaji kyauta.

Yaya Sani: Da ƙuli. Hajjo ke wa ya taɓa rubuta sunanki?

Hajjo: Kullum ni ce ta farko, har da "sau biyu" a gefe.

Yaya Sani: Bai canja ba haha. Ina muke ma? Yauwa, benci. Kuɗin gini da kujeru akwai shi a UBEC, hukumar ilimin bai ɗaya ta tarayya, dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, amma sai jiha ta ajiye nata daidai da abin da za ta karɓa, in ba ta ajiye ba kuɗin na nan kwance. Shi kenan ka je wajen ciyaman ya ce jiha ce, jiha ta ce Abuja ce, yarinya kuma tana kan buhu. A Kano kaɗai ciyaman 44 ne, wa ya taɓa tare nasa ya ce nawa ka kashe wa firamare bana? Sai dai a je neman kuɗin suna.

Nura: Yaya mun ce za mu rufe da abin da iyaye za su iya yi ta kwamitin SBMC, na iyaye da mutanen unguwa masu sa ido a makaranta, amma batirin na'urar nan ya yi ja.

Yaya Sani: Minti ɗaya kawai...

Hajjo: Babu shi. Ku turo mana hoton ajin unguwarku, sai mako mai zuwa.