'Yar Ganima: sunan kare da yadda mutanen Birtaniya ke kallon mulkin mallakarsu

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina da ke layin gaba, iyayenmu mata, ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? To madalla.

Ranar da aka manna sanarwar wannan lacca, wani abokin aikina ya tare ni ya ce, "Malam, duk abin da ke damun ƙasar nan, a kan sunan kare za ka tara mutane?" Na ce ya zo ya ji. Ga shi can kuwa ya zo, na gode. Dalilina shi ne, mai jawabi a majalisa yakan auna maganarsa, mai rubuta tarihi yakan tace. Amma ranar da mutum zai raɗa wa karensa suna, ba ya shawara da kowa. Abin da bakinsa ya saba da shi ne ke fitowa.

Abubuwa uku zan kawo: karen wani matuƙin jirgin yaƙi, karyar wata sarauniya, sannan alƙaluma. Karya na ce, matar kare, ba ƙarya ba. Mai ɗaukar murya, idan ka zo rubutawa ka kula da lanƙwasar nan, kada ka haɗa ni rigima da gidan sarauta. (dariya)

Sai dai mu fara fahimtar matsayin kare a can Birtaniya. A wurinmu kare na gadi ne ko na farauta, kuma ka haɗa mutum da kare ka zage shi. Kun tuna a 2016 an kama wani mutum a jihar Ogun, har gaban kotu, saboda ya sa wa karensa suna Buhari. A Ingila kuwa kare ɗan gida ne. Yana kwana a ɗaki, yana da likitansa, idan ya mutu a yi masa kabari da dutse. Sunan da Bature ya ba karensa na ƙauna ne. Ku riƙe wannan, don a nan maganar take da wuya.

Na farko. A daren 16 ga Mayu 1943, jiragen yaƙin Birtaniya 19 suka tashi daga sansanin Scampton don fasa madatsun ruwan Jamus. Jagoransu Guy Gibson, ɗan shekara 24, haifaffen Simla a Indiya, wato shi kansa ɗan daular mulkin mallakar Birtaniya ne tun daga zanen goyo. Cikin mutum 133 da suka tafi, 53 sun mutu. Sun fasa madatsa biyu, Möhne da Eder, ambaliyar ta kashe sama da mutum 1,300, da yawansu ma fursunoni ne da 'yan aikin tilas da Jamusawa suka kwaso daga ƙasashen gabas. Gibson yana da baƙin kare, kuma sunan karen shi ne kalmar nan da ake zagin baƙar fata da ita. Ba zan furta ta a ɗakin nan ba, kun san ta. Mota ta buge karen gab da tashinsu, aka binne shi a sansanin, kuma sunan nasa shi ne kalmar sirrin da aka aika gida da ita don a ce madatsar farko ta fashe. A watan Yulin 2020 rundunar sojan sama ta sauya dutsen kabarin, ta cire sunan. Sai ƙasa ta ɗauka. Dubban mutane suka sa hannu a takardar koke, suna cewa ana goge tarihi, ai mutumin son karensa yake yi. Na yarda yana son sa. Shi ya sa abin ya fi ciwo: kalmar ta zama ruwan sha a bakinsu, har ana kiran abin ƙauna da ita a tsakar sansani ba wanda ya ɗaga kai. A daidai shekarun nan kuma samarinmu daga Kano da Katsina da Sakkwato suna dajin Bama suna mutuwa a ƙarƙashin tutar nan.

To bari in zo kan wadda na fi so in yi magana a kanta, don ita ta sa na karɓi gayyatar nan.

Shekarar 1860. Yaƙin ofiyam na biyu, wato yaƙin da tushensa shi ne Birtaniya ta nace sai ƙasar Sin ta buɗe kasuwarta, har da ta kayan mayen da ake nomawa a Indiya. A watan Oktoba sojojin Birtaniya da na Faransa suka isa wata fada a wajen birnin Beijin, sunanta Yuanmingyuan. Idan na ce fada kada ku ɗauka gida guda ne. Gari ne na lambuna da tafkuna da ɗaruruwan gine-gine, sarakuna sun fi shekara ɗari suna ƙawata shi. Sarki ya riga ya gudu arewa. Sojoji suka faɗa wasoso: alharini, zinariya, agoguna, kayan tangaran, abin da hannu ya kai. Wanda ya fi ƙarfin ɗauka a fasa shi. Babban kwamandan Birtaniya ya sa aka tattara kason mutanensa aka yi gwanjonsa, aka raba kuɗin tsakanin hafsoshi da ƙananan sojoji. Sannan Lord Elgin, babban wakilin Birtaniya, ya ba da umarnin a cinna wa wurin wuta, ramuwar gayya kan wakilansu da aka kama aka azabtar, wajen ashirin suka mutu. Gaskiya ce an azabtar da su, ba zan ɓoye ba. Wutar ta yi kwanaki tana ci. Af, wannan Elgin ɗan wancan Elgin ne da ya kwaso sassaƙen duwatsu daga Atina ta Girka, waɗanda har gobe Girkawa ke neman a mayar musu. Gado ne ke nan, uba ya kwasa, ɗa ya ƙona.

A cikin fadar aka tsinci wasu ƙananan karnuka biyar, masu gajeren hanci da gashi buzu-buzu, irin da gidan sarauta ke kiwo. Wani kyaftin mai suna John Hart Dunne ya ɗauki guda ya kai Ingila, a 1861 ya ba Sarauniya Biktoriya kyauta. Sunan da aka raɗa mata: Looty.

Ɗalibai, ku rubuta wannan. Kalmar loot ta Turanci ma'anarta kayan da aka washe a yaƙi. Ita kanta kalmar ba tasu ba ce, daga harshen Hindi suka ɗauko ta zamanin da suke cin Indiya. Suka ƙara mata ɗan wutsiyar nan da suke sa wa sunan yaro don lallashi. Idan za mu faɗe shi da Hausa, 'Yar Ganima ke nan. Kai, ganima ma na yi mata adalci da yawa, don malamai suna nan, sun san ganima tana da hukunci da ƙa'ida. 'Yar Wasoso ya fi dacewa. Ku saurari sunan da kyau: 'Yar Wasoso, zo nan. 'Yar Wasoso, ga nama.

Abin da nake so ku gani, ba wanda ya ɓoye komai. Ɓarawo idan ya saci akuya yakan sauya mata kamanni ya kai ta kasuwa mai nisa. Waɗannan sun rataya wa kayan sunansa a wuya. Aka kira mai zane, Friedrich Keyl, ya zana ta zaune a kan jan matashi a shekarar nan ta 1861, kuma zanen yana cikin kayan gidan sarauta har yau. Ta rayu a fadar Windsor har 1872. Daga baya irin karen nan, da suke kira Pekingese, ya zama abin yayin matan manya a Landan. Yau za ka ga tsohuwa tana jan irinsa a titi, tana ƙaunarsa tsakani da Allah, ba ta san ta wace ƙofa kakanninsa suka shigo ƙasar ba. A Sin kuwa an bar kufan fadar yadda yake, ana kai 'yan makaranta su gani da idonsu. Abu guda ya faru a wata guda. Wasu suka riƙe kufai, wasu suka riƙe kwikwiyo.

Na ce ba su ɓoye ba ko? Sun ma yi abin da ya fi ɓoyewa tasiri, sun mayar da shi abin wasa. Abin da aka ɓoye wata rana a tono shi a ji kunya. Wanda aka mayar sunan lallashi, ta ina za ka fara jin kunyarsa? Ya riga ya hau cinya, yana cin abinci a hannunka. Shi ya sa idan ka taɓa irin wannan suna, mutumin Ingila ba ya jin kana maganar Beijin ko Burmi, inda sojojinsu suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Ji yake ka shigo ɗakin kakarsa kana taɓa mata kaya. Na zauna da su, da yawansu mutanen kirki ne, kuma wallahi haka suke ji.

Kuma abin ya girmi Biktoriya. A ƙarni na 18 attajiran Landan da Biristol sukan ajiye yara baƙaƙe bayi a gida, su sa musu sunaye irin Pompey da Caesar, sunayen da ake sa wa karnuka, wasu har da ƙwanƙwaron azurfa a wuya mai ɗauke da sunan ubangida. Ku duba tsofaffin zane-zanensu, za ku ga uwar gida a tsakiya, kare a gefe guda, yaron a ɗaya gefen.

Na huɗu... na uku ne? To, na ukun. Shugaba yana nuna mini agogo, zan gudu. Kamfanin jin ra'ayi na YouGov ya tambayi mutanen Birtaniya a 2014, kashi 59 cikin ɗari suka ce daular abin alfahari ce, kashi 19 suka ce abin kunya ce. A sakamakon da ya fitar a 2020 masu alfahari sun sauko zuwa 32, masu jin kunya suna nan a 19 ɗinsu, kashi 37 suka ce ba wannan ba wancan. Wato alfahari ya ragu, kunya ba ta ƙaru ba, mutane sun koma tsakiya sun yi shiru. A 2013 gwamnatinsu ta biya fam miliyan 19.9, har da kuɗin shari'a, kan ƙarar 'yan Kenya 5,228 da aka azabtar zamanin tawayen Mau Mau, bayan shari'ar ta tilasta fito da takardun da aka ɓoye shekara da shekaru. A 7 ga Yuni 2020 masu zanga-zanga a Biristol suka tumɓuke gunkin Edward Colston, mai fataucin bayi, suka jefa shi ruwa, kuma a 2022 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke mutum huɗun da aka gurfanar. Ka ga ƙasar a rabe take. Akwai batun kayan fadar Binin da sojojinsu suka washe a 1897, wannan sai wata rana. Hajiya, na ga hannunki tun ɗazu, bismillah.

(Wata dattijuwa daga layi na biyu: Malam, Allah ya ƙara basira. Duk maganar Turawa ka yi. Mu fa? Ni kakata tana da wani tsoho a gidansu ana ce masa Nasamu. Ina yarinya ban taɓa tambayar dalili ba.)

Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na shirya idan aka tambaye ni "mu fa" in ba ku labarin sunayen da muka laƙaba wa Turawan da kansu: Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer mai makarantar Nassarawa, da Mai Wandon Ƙarfe, wato Gwamna Sharwood-Smith, da Mai Jimina, Kyaftin Abadie, wanda da dabbar da yake kiwo muka san shi. Amma tambayarki ta fi wannan nauyi, kuma ita zan amsa.

Nasamu sunan bayi ne. Haka Dangana, haka Allah-kyauta, haka Allah-bar-sarki, wanda har a fadar Kano an yi babban bawan sarki mai wannan suna. Ana kamo mutum da sunan da uwarsa ta sani, a ajiye wancan, a ba shi wanda ke faɗin farin cikin ubangidansa. Na samu. Wa ya samu? Me ya samu? Hajiya, idan aka ce in fassara sunan karyar Biktoriya ban da wasa, ba zan yi nisa da wannan ba, kuma namu a kan ɗan Adam aka sa shi. Na tabbata kakarki tana girmama tsohon nan, ƙila ma Baba kuke ce masa.

(Dattijuwar: Baba Nasamu muke ce masa. Shi ke goya mu zuwa makarantar allo.)

To kin ji. Akwai wanda ya rage a gidan da zai san daga ina aka kawo shi, ko sunansa na yanka?

(Dattijuwar: Sai dai yayata, tana Zariya. Ta haura tamanin.)

Don Allah ki je ki tambaye ta, kada ki bari sai bayan salla. Ɗaya daga cikin ɗalibaina mata za ta raka ki da na'urar ɗaukar murya idan kin yarda. Wa zai je? Ke ta gefen taga, ki tsaya ki karɓi lambar Hajiya kafin a watse. Shugaba, na ji an kira magariba, ga lasifikarka.