Abin da Ya Sa Na Ajiye Alƙalami Na Ɗauki Kyamara

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam shugaban taro, malamaina da nake hange a sahun gaba, ƙannena ɗalibai, barkanku da yamma. Na baya kuna ji na? To, madalla.

An ce in zo in faɗi dalilin da ya sa na rufe filin kimiyya da na daɗe ina rubutawa duk mako a jarida, na koma yin bidiyo. Wani abokina da labarin ya iske shi cewa ya yi, "Malam, kai ma ka bi 'yan yayi ke nan, da furfurarka?" Ban yi masa musu ba. Amma maganar ta girmi yayi, domin tun 2006 take ci na a rai.

Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna ran Laraba, 29 ga Maris, 2006, da aka yi husufin rana. Inuwar wata ta ratsa Gana, ta bi ta arewa maso yammacin Najeriya, ta shiga Nijar, ta wuce Libiya. Da hantsi gari ya yi duhu, kaji suka nufi akurki. Kafin ranar na zauna na rubuta bayani mai tsawo a kan yadda wata yake shiga tsakanin rana da duniya. Na gyara, na sake gyarawa, har ni kaina na ce ya yi. Da dare na je gaida gwaggona, na karanta mata. Gwaggo mace ce mai karatu, ta sauke, tana rubuta ajami, amma boko ko harafi. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "Allah ya yi albarka." Kun san irin wannan albarkar, wadda ake sa wa yaro don ya tashi ya ba mutane wuri.

Sai na ɗauko tocila, na ɗauko lemon tsami da ƙwarya. Na kife ƙwaryar a tabarma na ce ga duniya. Na ba jikarta tocilar ta haska, ni kuma na gitta lemon a tsakani. Wani ɗan baƙin tabo ya faɗo a bayan ƙwaryar, yana tafiya in na motsa hannu. Gwaggo ta sunkuyo ta duba, ta ce, "Au, ashe inuwa ce! Shi ya sa wani gari yake yin duhu, wani ba ya yi?" Wannan tambayar tata ta ƙarshe ba ni na gaya mata ba, ita ta hango abinta. Washegari ta yi sallar husufinta kamar kowa, amma ta yi ta ne tana sane da abin da ke faruwa a sama. Abin da shafi guda ya kasa, lemon tsami ya yi shi cikin minti biyu.

Ga kuma wahalar kalma, wadda duk mai rubuta kimiyya da Hausa ya san ta. Ku ɗauki iska. Wadda muke shaƙa iska ce, wadda ke kaɗa tufa a igiya iska ce, wadda ke cikin tukunyar gas iska ce, wadda ake zuwa wajen mai ruƙiyya a kanta ma iska ce. (Dariya.) Na taɓa rubuta cewa tsiro yana fitar da wata iska da rana, wani mai karatu ya aiko yana tambaya ko shi ya sa aka hana zama gindin tsamiya da tsakar rana. A rubuce sai ka yi ta kewaye-kewaye kafin ka iso. A gaban kyamara kuwa ka sa ganye a cikin kofin ruwa, ka ajiye a rana, ƙananan kumfa su taru a jikinsa, ka nuna da yatsa ka ce ga ta nan.

Kuma kada ku ɗauka wayar hannu ce ta kawo wannan. A birnin Landan akwai wata cibiyar kimiyya mai suna Royal Institution, wadda tun 1825 take shirya wa yara laccoci a ƙarshen shekara, ana gwaji a gaban idonsu. Wanda ya fi shahara da su shi ne Michael Faraday, mutumin da aikinsa a kan lantarki da maganaɗisu ya zama tushen janaretan da ke ruri a bayan ɗakin nan. Faraday ɗan maƙeri ne, bai yi makaranta mai zurfi ba, yaron shago ne a wajen mai ɗinke littattafai. A 1812 ya samu tikitin shiga laccar wani masani, Humphry Davy. Ya zauna ya kalla, ya koma gida ya rubuta duk abin da ya gani, ya ɗinke shi littafi, ya aika wa Davy. Shekara na zagayowa aka ɗauke shi aiki a ɗakin gwaji. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa: yaron ya kalla, sannan ya rubuta.

Laccocin nan har yau ana yin su, kuma tun 1966 ake nuna su a talabijin kowace shekara. Amma in kuna son ganin inda hoto ya yi wa rubutu fintinkau, ku nemi abin da ɗan sama jannati David Scott ya yi a duniyar wata, inda babu iska, a watan Agusta na 1971, a tafiyar Apollo 15. Tun zamanin Galileo, wani masanin Italiya, masana suke rubuta cewa in babu iska, abu mai nauyi da marar nauyi tare za su faɗi. An yi shekaru ɗaruruwa ana rubutawa, ɗalibai suna haddacewa, zuciyarsu ba ta yarda ba. Scott ya riƙe guduma a hannu ɗaya, gashin shaho a ɗaya, ya sake su. Tare suka dira. Duka-duka abin bai kai minti ɗaya ba. Hausawa suka ce gani ya kori ji.

To, a nan ne zan ɓata wa masu son bidiyo rai, har da ni kaina. Gani yana korar ji, amma gani ma yana ruɗi, kuma ruɗinsa ya fi na karatu muni.

Akwai wani mutum mai suna Derek Muller, mai tashar Veritasium a YouTube. Kafin ya zama ɗan bidiyo, digirinsa na uku ya yi a Jami'ar Sydney da ke Ostireliya, ya gama a 2008, kuma a kan wannan maganar tamu ya yi shi. Ya ba ɗaliban shekarar farko jarrabawa mai tambaya 26 a kan ƙa'idojin motsi na masanin kimiyya Isaac Newton. Suka ci kamar 6. Ya nuna musu bidiyo mai kyau, bayani tsaf, babu kuskure. Ya tambaye su, suka ce ai sun gane sarai, a fili yake. Aka sake jarrabawa, makinsu kusan yana nan inda yake. Abin da ya ƙaru kawai shi ne yarda da kai. Sun shiga da kuskurensu, sun fito da shi, amma yanzu suna bugun ƙirji.

Dalili kuwa, ba wanda yake zuwa da kansa fanko. In na jefa ƙwallo sama na tambaye ku me ke tura ta bayan ta bar hannuna, da yawa za ku ce ƙarfin hannuna ne yake biye da ita har ya ƙare. Ba haka ba ne. Tana barin hannu, in ka cire ɗan tirjiyar iska, babu abin da ke aiki a kanta sai jan ƙasa. Amma mai wannan tunanin, in yana kallon bayani mai santsi, ji yake ana faɗin abin da ya riga ya sani, sai ya saki jiki. Da Muller ya yi wani bidiyon, inda wani ya fara faɗin kuskuren da bakinsa, aka yi ta ja-in-ja har aka warware, ɗalibai suka ce wannan ya rikita su. Makinsu kuwa ya tashi zuwa wajen 11. Wanda bai yi musu daɗi ba shi ya koyar da su.

Wannan binciken ya hana ni barci, domin mai karatu in bai gane ba ya san bai gane ba. Idonsa zai tsaya, ya koma farkon layi. Mai kallo kuwa bidiyo ba ya jiransa, yana tafe da kiɗa da launi, ya ƙare, mutum ya ce "Allah mai iko" ya tura wa abokai, alhali ko tambaya ɗaya ba zai iya amsawa ba. Shi ya sa yanzu kowane bidiyo nawa da tambaya yake farawa. Nakan fita bakin kasuwa in tambayi mai shayi, in tambayi ɗan acaɓa, in tambayi malamin makaranta, kowa ya faɗi tasa. Ba don a yi musu dariya ba, wallahi, don amsarsu ita ce amsar mai kallo, kuma sau da yawa ita ce amsata kafin a koya mini.

Sai maganar gyara, wadda ita ce na fi kewa. A jarida in na yi kuskure, mako mai zuwa zan sa layi biyu in nemi afuwa. A bidiyona na uku bakina ya suɓuce na ce tsakaninmu da rana kilomita dubu ɗari da hamsin ne, maimakon miliyan 150. In da haka ne, da ta fi wata kusa da mu, da tuni mun zama ƙilishi. Kafin in farga an sauke shi, ya shiga WhatsApp, ya kai ga masu tura fina-finai a waya a bakin kasuwa. Na goge nawa na sa sabo, amma tsohon har yanzu yana yawo. Kwanan baya wani yaro ya nuna mini shi a wayarsa yana murna ya ga mai bidiyon ido da ido. Magana zarar bunu ce, to ta bidiyo ta fi.

Ga masu shirin shiga don kuɗi kuma, kalma ɗaya. Wajen 2016 zuwa 2017 kafafen labarai da dama a Amurka sun sallami marubutansu sun ɗauki masu bidiyo, saboda alkaluman kallo da ake nuna musu. A 2016 Facebook ya amsa cewa ya yi kuskure wajen lissafin tsawon lokacin da mutane ke ɗauka suna kallo, ya kumbura shi. A 2019 ya yarda zai biya masu talla dala miliyan 40 a rufe ƙarar. Marubutan da aka sallama ba su cikin masu karɓa. Wanda ya gina ɗaki a filin wani, ya san ranar tashi ba a hannunsa take ba.

Wata ƙanwata a can ta rubuto a takarda tana tambaya ko ke nan na daina rubutu. Ƙanwata, yanzu na fi yi. Bidiyon minti biyar sai na cika shafi huɗu, na soke uku. Bambancin kawai, ba ku ganin takardar. Ku kuma in kun kalla, ku yi irin ta yaron shagon can na Landan: ku kife wayar, ku ɗauki biro, ku rubuta abin da kuka gani da kalmominku. Inda biron ya tsaya, nan ne ba ku gane ba.

Na zo da kyandir da ashana, domin Faraday ya yi wa yara laccoci shida cur a kan kyandir kaɗai, har aka buga su littafi a 1861. Don Allah wani ya kashe mana fankar nan, in ba haka ba za ta kunyata ni. Yauwa, na gode.

Ga shi na kunna. Kafin in yi komai, ku gaya mini, me ke ci da wuta a nan? Masu cewa lagwani ne, ku ɗaga hannu. Kai, kusan rabin ɗaki. Masu cewa kakin ne da ya narke? To. Malam a sahun gaba bai ɗaga ko ɗaya ba, ya san dawar garin. (Dariya.) Yanzu zan hure shi, za ku ga wani farin hayaƙi ya miƙe sama. Zan kawo ashana mai wuta in sa a cikin hayaƙin, sama da lagwanin da kamar tsawon yatsa, ba zan taɓa shi ba. Kowa ya rubuta a takardarsa abin da yake zaton zai faru. Kada ka leƙa ta maƙwabcinka. Kun gama? Na baya ku matso, abin ba ya jira, ƙiftawar ido ne.