Inshorar Kasuwanci da Dokar Kare Bayanan Jama'a

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu 'yan kasuwa da sauran mahalarta, ina yi muku barka da zuwa.

Idan aka ambaci inshora, gobara ce take fara zuwa zuciyar ɗan kasuwa, kuma ba a ga laifinsa ba, domin duk wanda ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ba ya buƙatar dogon bayani. Sai dai akwai wata amana da take ajiye a shagunanmu wadda inshorar gobara ba ta san da zamanta ba, wato bayanan mutane: lambar NIN da mai makaranta ya karɓa daga iyaye, da lambar asusun da ta bi ta hannun mai POS, da takardar gwajin jini da take kwance a kwamfutar asibiti.

A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC. Dokar ta wajabta wa mai riƙe da bayanai ya karɓe su bisa hujja, ya tsare su, kuma idan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, ya sanar da hukumar cikin sa'o'i 72. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da suka shigo musu a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran kuwa, naira miliyan 2 ko wannan kason. Ku lura, kuɗin shiga aka ce, ba riba ba.

To, a nan ne mutane suke ruɗewa. Akwai inshorar da aka keɓe domin kutsen intanet, wadda takan biya ƙwararrun da za su gano ta inda ɓarawo ya shigo, da kuɗin lauya, da diyyar wanda ya kai ƙara. Amma tarar hukuma sau da yawa tana cikin abubuwan da yarjejeniyar inshorar ta ce ba za a biya ba, kuma ni dai ban ga aibin haka ba, domin idan wani ne zai riƙa biya maka tara, ta daina zama horo.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne fom ɗin da ake cikewa tun farko. Kamfanin inshorar zai tambaye ka ko kana ajiye kwafin bayananka a wani wuri dabam, da su wane ne suka san kalmar sirri. Idan ka rubuta cewa komai a tsare yake, alhali yaran shago uku da wanda aka sallama bara duk suna shiga da kalma ɗaya, kamfanin yana da damar ƙin biya ranar da abin ya faru, saboda an gina yarjejeniyar a kan abin da ba gaskiya ba.

Masu ƙyamar inshora saboda addini suna iya tuntuɓar kamfanonin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ba lasisi, su tambaya ko suna da wannan tsari. Ko wanne kuka zaɓa, ku sa a nuna muku a rubuce wa'adin da aka ba ku na sanar da kamfanin idan bayanai suka fita, domin ba lallai ne ya zo daidai da sa'o'i 72 na hukuma ba.