Fodkas: Adaidaita na da lamba a jiki, motar da ake kira ta waya fa?

Hauwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar motocin haya ce a birnin Kano, ina tare da Malam Bala da Abba. Malam Bala, kai ka kawo batun, bismillah.

Malam Bala: To Hauwa, abin da ke damuna shi ne dokar sufurinmu ta san tasha, ta san fenti, amma ba ta san waya ba. Ɗan adaidaita sahu ga ruwan ɗorawa, ga lamba ɓaro-ɓaro a jiki, tun daga nesa ɗan KAROTA, jami'in hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, ke hango shi a Ƙofar Nassarawa. Mai Bolt kuwa, wato motar hayar da ake kira ta manhajar waya, Corolla ce kamar ta kowa. In an tare shi sai ya ce ƙanwarsa ya ɗauko, magana ta ƙare.

Hauwa: Amma Malam, ni da nake shiga, na fi sanin wanda ya ɗauke ni a Bolt ɗin. Ga sunansa, ga hotonsa, ga lambar mota, kuma in tura wa 'yan gida hanyar da muke bi. Lokacin da aka hana adaidaita fita daga ƙarfe 10 na dare a 2022, wanda ya sauka a filin jirgi ko ya fito daga asibitin Malam Aminu Kano, wa zai kira?

Malam Bala: Wa ya tantance sunan da hoton? Kamfani ne, ba hukuma ba. Kuma sau nawa mota za ta zo ki ga fuskar daban da ta cikin waya?

Abba: Wannan kam ana yi, aron asusu. Ga kuma direban da zai ce ka soke tafiyar ku daidaita a baki.

Hauwa: Wallahi na tsani wannan.

Abba: Anti, ki tausaya masa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 lissafin ya rikice, kamfani ya cire kasonsa, mai mota na jiran balas. Ni tsorona, a Kano da an ce "sabuwar doka", rasit ne ke fara fitowa. Ku tuna 2021, harajin naira 100 a kullum ya sa 'yan adaidaita yajin aiki. Janairun 2022 suka sake tafiya kan kuɗin rajista, ɗalibai da 'yan kasuwar Kwari suka dinga takawa a ƙasa.

Malam Bala: Ai shi ya sa ban ce a bi direba a titi ba, ɗana. Kamfanin za a zaunar. Legas ta yi haka a 2020, ta sa naira 20 kan kowace tafiya, ta hannun kamfanonin ake karɓa. Su ke da jerin direbobi, su suka san inda kowace mota ta bi. A wajabta musu ofis a nan Kano, inda wadda aka ƙwace wa waya za ta je ta ga mutum, ba saƙon Turanci daga na'ura ba.

Abba: Naira 20 ɗin nan ma a wuyan fasinja za ta ƙare.

Malam Bala: Ta ƙare mana. Da a wayi gari a ce an hana sana'ar ɗungurungum, kamar yadda aka yi wa achaɓa a 2013, gara wannan.

Hauwa: To bayanan tafiye-tafiyen nawa fa? In kamfani ya miƙa wa hukuma, wane ne zai riƙa karantawa?

Malam Bala: Wannan sai da takardar kotu, in ta ni ce.

Abba: In ta kai ce, Malam.